Ranar da 7 da 5 suka ƙi zama 12

Laraba, da dare.

Kusan awa uku na yi yau a ɗakin gwaji ina fama da lissafin da ɗan firamare zai yi ko yatsu bai ƙirga ba, wato 7 a tara da 5. Na haɗa 'yar na'urar tarawa, na jona ta da cip ɗin 7447 mai kunna fitilun nuna lamba, na shigar da 0111 da 0101, wato 7 da 5 a rubutun sifili da ɗaya. Sai wani zane ya fito, shi ba lamba ba, shi ba harafi ba. Sau biyu ina zare wayoyi ina mayarwa.

Malam ya leƙo, ya ce in karanta masa abin da ya fita. Na ce 1100. Ya ce, "To auna shi mana." A tsarin 8421 kowane gurbi da nauyinsa: 8, 4, 2, 1. Inda ɗaya ya zauna ka ɗauki nauyin, inda sifili yake ka wuce. 8 da 4, 12 ke nan. Ashe na'urar ba ta yi kuskure ba, ni ne na manta cewa a BCD, wato tsarin rubuta kowace lamba daban da sifili da ɗaya, gurbi huɗu lamba guda kawai suke ɗauka, daga 0 zuwa 9. Daga 1010 zuwa 1111, guda shida, ba su da mazauni. Shi ya sa idan jimla ta haura 9 sai a ƙara mata 0110, a tsallake shidan nan. Na ƙara a takarda, ga 0001 0010, wato 1 da 2, 12 ke nan.

Abin da ya hana ni barci dai shi ne wani tsarin nauyin, 2421, na masanin kwamfuta Howard Aiken. Da na ga 2 har sau biyu na ɗauka wauta ce. Ashe da gangan ne, don nauyin duka ya tashi 9. Rubuta 2, wato 0010, ka juya kowane sifili ya koma ɗaya, ɗaya ya koma sifili, za ka samu 1101, wato 7. Abin da ya rage a cika 9! Mai gina na'urar ɗebewa ya huta. Na gwada a 8421, 2 ɗin nan ta koma 13.

Akwai ma mai nauyin 8, 4, -2, -1, inda 3 take 0101. Wannan sai gobe, idona ya fara yaji.