Neman wan kakana da ya tafi yaƙin Bama

A gidanmu na cikin birnin Zariya, abin da aka sani game da wan kakana bai wuce wannan ba: ya shiga soja lokacin yaƙin Hitila, an kai su Bama, bai dawo ba. Ko hoto babu. Da na ɗauki aniyar bin diddiginsa, dattawan gidan duk bakinsu ɗaya, wai in nufi Kaduna. Na je kuwa, na sha zama a gidan adana takardun tarihi ina juya fayilolin Lardin Zazzau, na leƙa Gidan Arewa. Na ƙaru ƙwarai, amma mutumin da nake nema ko ƙyallinsa.

Ashe sunan da nake yawo da shi ba shi ne a littafin soja ba. A wancan zamani magatakardan bariki sau da yawa sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa sunan gari. Namu kuwa ɗan malami ne, gudu ya yi ya shiga ba da sanin mahaifinsa ba, sai ya ce shi Bakano ne don kada a gano shi. Kowa ya san yawan masu suna irin wannan a rundunar Najeriya. Abin da ke bambanta su lamba ce, wadda ke farawa da NA.

Lambar nan tana gidanmu tun fil azal. Gwaggona ce ke ajiye da ita, a wata takarda da ta yi jawur ta kusa rabewa a wurin ninki, cikin gwangwanin alewa tare da layu da tsofaffin kwabbai masu huji. Da na tambaye ta sai ta ce, "To ɗan nan, wa ya taɓa tambayata?" Gaskiyarta. Maza sun yi ta aika ni ofis-ofis, ba wanda ya ce in shiga ɗakin tsohuwa.

Abin da har yau ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, takardun sun fi haka yawa. Bayan rasuwar kakana wani ɗan'uwanmu ya share ɗakin, ya cinna wa tarin wuta, wai tarkacen Nasara ne. In na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Da lamba a hannu, aikin bai ɗauki dare ɗaya ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rumbun sunaye kyauta a intanet. Nan na gan shi, da ranar rasuwa a 1944. Ba shi da kabari sananne. Sunansa na jikin bangon tunawa na Rangun da ke maƙabartar sojoji ta Taukkyan a can Bama, cikin sunaye kusan 27,000. Sai a lokacin Barikin Chindit na Zariya da nake wucewa kullum ya yi mini ma'ana, domin bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta rundunar Najeriya sun yi yaƙi cikin dakarun Chindit, wato sojojin musamman na Ingila a yaƙin Bama, a shekarar nan, sauran Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda daga cikinta bataliyoyin suka fito, kuma suna kwarin Kaladan na Bama.

Mai niyyar wannan aiki, ka fara da tsofaffin mata, ka ɗauki hoton kowace takarda kafin ka ma karanta ta. Kada ka dogara da lambar yabo: tauraron Bama galibi ba a buga suna a bayansa. Rumbun nan kuma na waɗanda suka mutu ne kawai, in naka ya dawo gida sai ka nemi littafin sallamarsa, ko ka tuntuɓi ƙungiyar tsofaffin sojoji. Ka gwada rubutun suna iri-iri, don Garba kan koma Garuba, Mamman ya koma Momo. Sannan duk ɗakin mamacin da za a share a gidanku, ka tabbata kana tsaye a wurin.