Ɗaukar Hoto da Dare a Unguwar Taikoo Li ta Birnin Chengdu

Abu na farko da baƙo zai lura da shi a Chengdu, babban birnin lardin Sichuan, shi ne rana tana jinkirin faɗuwa. Ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, wato na Beijing, kuma da yake Chengdu tana can kudu maso yamma, a lokacin zafi magariba kan kai wajen ƙarfe takwas. Saboda haka na tsara fitata a kan sallah. Na yi la'asar a masallacin Huangcheng da ke kusa da dandalin Tianfu, na shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na 2, na sauka a tasha ta gaba, wato Chunxi, da kyamara a wuya da sauran hasken rana a sama.

Titin Chunxi tsohuwar cibiyar kasuwanci ce da aka shimfiɗa tun 1924, amma inda matasa ke tururuwa yanzu shi ne Taikoo Li, rukunin kantunan zamani da aka buɗe a hukumance a 2015. Waɗanda suka gina shi ba su ɗaga shi sama ba. Gajerun benaye ne masu rufi mai gangara irin na gidajen Sichuan na da, da lunguna a tsakaninsu, kuma duka sun kewaye haikalin Daci na mabiya addinin Buddha, wanda ya shahara tun zamanin daular Tang. Kana tsaye gaban kantin Apple ko na Gucci, idan ka juya sai ka yi ido biyu da jan bangon haikalin. Wannan haɗuwar ce ta kawo ni, kuma ita ce ta fi wuyar kamawa a hoto.

Wahalar duk ta haske ce. Da rana sararin Chengdu yawanci a lulluɓe yake da gajimare, komai ya fito fari-fari babu armashi, idan kuma dare ya yi sosai sai fitilun kantuna su rinjayi komai, bangon haikalin ya nutse cikin duhu. Lokacin da ya dace ɗan taƙi ne bayan faɗuwar rana, sa'ad da sama ta yi shuɗi, ƙarfin haskenta ya zo daidai da na fitilu. A nan na koyi in auna hasken daga wurin da ya fi ƙyalli, in bar inuwa ta yi duhunta, domin abin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi a kwamfuta, amma abin da haske ya ƙone ya tafi ke nan. Manyan allunan talla kuma suna da nasu halin: idan kyamara ta ƙifta da sauri ainun, sai baƙaƙen layuka su ratsa hoton, don haka na rage saurin ƙiftawar na jingina da bango don kada hannu ya yi rawa. Daga baya an ɗan yi yayyafi, daɓen dutse ya jiƙe ya riƙa mayar da launukan fitilu, kuma hotunan da na fi so a daren nan aka same su.

Akwai wuraren da kowa ke ɗauka. Ɗaya shi ne ƙaton mutum-mutumin dabbar panda mai tsayin mita 15 da ke hawan bangon ginin kasuwar zamani ta IFS tun 2014. Daga titi bayansa kawai ake gani, sai an hau lambun da ke bene na bakwai ake ganin fuskarsa, kuma a can layi ake bi. Ɗayan kuwa allo ne da ya naɗe kusurwar gini, wanda ke sa hoto ya zama kamar zai faɗo kan jama'a, amma daga kusurwa guda kaɗai dabarar take aiki. Na ɗauke su na wuce, domin hoton da dubban mutane suka ɗauka daga wuri ɗaya ba ya buƙatar nawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu ɗaukar hoton mutane. Sun jeru a bakin hanya da dogayen kyamarori suna jiran 'yan mata da samari masu kwalliya, wasu cikin tufafin gargajiya na hanfu, su ɗauke su su watsa a Douyin, wato TikTok na ƙasar Sin. Wasu masu wucewa don haka suka fito, suna ma rage tafiya, wasu kuma na ga suna kare fuska da jaka. A watan Yunin 2023 irin wannan bidiyo ne, da aka ɗauka a nan, ya nuna wani shugaban kamfanin gwamnati riƙe da hannun wata abokiyar aikinsa, ya bazu a intanet, mutumin ya rasa muƙaminsa. Dokar farar hula ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a farkon 2021, ta hana amfani da hoton fuskar mutum ba da yardarsa ba, sai a wasu keɓantattun yanayi. Ni dai ko babu doka ba na ganin fitar mutum titi ta zama izinin mallakar fuskarsa.

Don haka na sauya yadda nake aiki. Taron jama'a na riƙa ɗaukarsa daga baya ko daga nesa, ko in bar motsinsu ya zama dishi-dishi a gaban gini. Wanda nake son fuskarsa kuwa sai in nuna masa kyamara in jira. Wani dattijo da ke zaune kusa da ƙofar haikalin yana fifita ya gyaɗa kai, na ɗauka, na nuna masa, ya sa na sake domin wuyan rigarsa ya karkace. Wata mai sayar da furanni ta girgiza kai, na sauke kyamarar na yi mata godiya. Wajen ƙarfe goma kantuna suka fara rufewa, na nemi shagon taliyar Lanzhou mai alamar halal, na biya da manhajar biyan kuɗi ta waya ta Alipay, na zauna ina tace hotuna ina goge duk wanda fuskar da ban nemi izininta ba ta fito a cikinsa sarai.