Wasiƙa daga Akra: yadda za a fitar da fuska a hoto, ko da rigar fara ce fat

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Muna gaishe ku daga Nima, a nan Akra, da fatan iyalai suna lafiya.

Mu da muke sana'ar hoto a zango, abin da ya fi ci mana rai shi ne hotunan Sallah da na biki da ake turowa: babbar riga tana walƙiya, mai rigar kuma ba a gane shi, sai haƙora. Mutane sukan ɗora wa waya laifi. Ba laifinta ba ne. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba tsakani. In farar shadda ta cika hoton, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskar baƙin mutum kuwa ita ke fara nutsewa.

Maganin farko shi ne a fita daga rana. Daga hantsi har zuwa la'asar rana tana bisa kai, tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙasan hanci, hula ko ɗankwali ya ƙara rufe goshi. A kai mutum bakin zaure ko gindin katanga, ya tsaya taku ɗaya cikin inuwa, fuskarsa na kallon waje. Sai a taɓa fuskarsa a allon waya, a ja alamar rana da ke fitowa a allon sama kaɗan har fatar ta fito da launinta. Mai babbar kyamara ya ƙara haske zuwa +1 a ma'auninta, ya duba aikin zaren wuyan riga: in ya ɓace, ya koma +0.7. In har yanzu gefe ɗaya da duhu, a ba yaro farin kwali ya riƙe daidai ƙirjin mutumin, tazarar kamar kamu biyu, ya maido haske ƙarƙashin haɓa.

Amma ba kowace inuwa ba. Rumfar tamfol da ake kafawa a wajen suna ko ɗaurin aure tana rina fata: shuɗiya ta mai da mutum toka-toka, ja ta sa shi kamar mai zazzaɓi. Gindin bishiya kuma yana yayyafa wa fuska ɗigon rana. A fito da ango bakin rumfa tukuna. Gumi ma a share shi kafin a danna, domin fitilar kyamara in ta bugi goshi mai maiƙo farin tabo take bari, ba ya gyaruwa.

Kada a kai waya kusa da hanci. Babban idon waya, wato gilashin kyamararta, mai faɗi ne, yana kumbura abin da ke kusa, hanci ya yi girma kunne ya ja baya. A ja da baya mita 2, a danna 2x. A kyamara, ido mai 50mm ko 85mm a kan f/2.8 (ma'aunin buɗewar idon kyamara) ya isa mutum ɗaya, a saita a kan idon mutumin mafi kusa. In dangi ne sahu biyu ko uku, a rufe zuwa f/8, in ba haka ba na baya su fito dishi-dishi. Yara ba sa tsayuwa, kada saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa.

Ga mai zuwa yawon buɗe ido, ya sani Akra da Kumasi suna kusa da tsakiyar duniya. Rana tana fita wajen 6 ta faɗi wajen 6 kusan duk shekara, kuma magariba ba ta jan lokaci. Hasken nan mai laushi bai wuce awa guda ba safe da yamma. A unguwar Jamestown ta Akra, inda shahararren mai ɗaukar hoto James Barnor ya yi shagon hotonsa na Ever Young, in ka fuskanci teku ranar yamma tana zuwa ta hannun dama, ta haska hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari da kwale-kwalen masunta daga gefe. Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, hasumiyoyinsa kan karkata ciki a hoto saboda ɗaga waya sama. A tsallaka nesa, a riƙe ta a miƙe, a yanke ƙasan daga baya. Minti 15 bayan faɗuwar rana sama tana yin shuɗi; a lokacin a ɗora waya a kan katanga a sa mata jinkirin daƙiƙa 3.

Kasuwar Kejetia ta Kumasi ko Makola ta Akra ba a ɗauke su gaba ɗaya, hayaniya kawai za ta fito. A zaɓi abu guda: hannun mai sayar da goro yana yayyafa ruwa a kan ganye, ko tururin tukunyar koko da sassafe rana na bayansa. Kuma don Allah a yi sallama a nemi izini. Matan kasuwa ba sa son a ɗauke su a sace, suna da gaskiya. Barikin soja da shingen 'yan sanda a bar waya a aljihu.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana shafe nesa, don haka a matso kusa. A hure ƙura kafin a goge idon kyamara, domin goge ta a bushe yana karce gilashi, kuma kada a sauya ido a fili. Da damina laimar bakin teku tana haifar da fumfuna cikin gilashi. A ajiye kaya a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

In za ku turo mana ta WhatsApp, ku turo a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto har zaren hula ya dame.

Ku gaida gida da su Baba da Inna.

Naku,
masu ɗaukar hoto na zangon Nima, Akra