Inda Manhajar Kyauta Take Tsayawa a Aikin Situdiyo

Kusan duk mai kawo mana aiki, da zarar an zo maganar kuɗi, sai ya ce ai ƙaninsa ma yana haɗa kiɗa da manhajar kyauta. Ba ma musa masa. Manhajar kyauta ba ta ɓata sauti da kanta. Muryar da aka ɗauka da makirufo mai kyau a ɗaki mai kyau za ta fita da kyau ko a ina. Bambancin yana bayyana ne idan aiki ya yi nauyi, musamman ranar da mai waƙa ya dawo neman gyara.

A fara da yawan layuka, wato guraben da ake ɗora kowace murya ko kayan kiɗa daban a cikin manhaja. Pro Tools Intro layin sauti 8 yake ba ka, Ableton Live Lite kuma 8 ne duka-duka. To lissafa waƙa ɗaya: babbar murya layi 1, ninkinta na hagu da dama 2, 'yan amshi 4, 'yan kalmomin da mawaƙi ke jefawa tsakanin baitoci 1. Takwas sun cika ke nan, ba a sa ganga ba, ba a sa fiyano ba. Dabarar da ta rage ita ce a narkar da 'yan amshin huɗu su koma layi ɗaya. Sai bayan sati biyu mai waƙa ya ce muryar ta uku ta yi ƙarfi, a rage ta. Ba hali, an riga an dama. A wurinmu kowace murya da layinta da sunanta, tana nan a ajiye har shekara ta zagayo.

FL Studio na gwaji kuwa tarkonsa daban ne: zai bar ka ka yi aiki, ka ajiye, ka fitar da waƙa, amma ba zai sake buɗe maka fayil ɗin aikin ba sai ka saya. LMMS yana haɗa kiɗa, sai dai ba a ɗaukar murya a cikinsa. Audacity gwani ne wajen yanka da share hayaniya, amma ba ya karɓar kayan kiɗa na VST, wato kayan kiɗan kwamfuta da ake ƙara wa manhaja. GarageBand a ma'aunin ɗaukar sauti na 44.1 kHz yake aiki, alhali sautin bidiyo 48 kHz ake so.

Inda muka fi ɓata lokaci, kuma inda muka fi alfahari, shi ne gyaran murya. Mawaƙi ya rera baiti sau biyar, mu zauna mu tsinci kalma mafi daɗi daga kowanne, mu ɗinke su da ɗan haɗi siriri yadda kunne ba zai ji gaɓar ba. Sannan mu buɗe Melodyne, manhajar daidaita sautin murya, mu bi sautin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zame ƙasa mu ɗaga shi kaɗan, rawar muryar kuma mu bar ta yadda take, don a nan ran waƙar yake. Manhajar gyaran murya ta kyauta yawanci jan komai take yi lokaci guda, murya ta fito kamar ta ƙarfe.

Gaskiya ɗaya ce, akwai na kyauta masu ƙarfi. Cakewalk, wanda kamfanin BandLab ya saki kyauta a 2018 kuma yanzu Cakewalk Sonar ya gaje shi, cikakkiyar manhaja ce, Waveform Free ma ba ya ƙayyade layuka. Mai koyo ya fara da su, ya ɗauki sauti a bit 24, ya kula kada ƙololuwar muryar ta wuce -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti.

Abin da ke ci mana rai shi ne masu sauke manhajar kuɗi ta sata, su karya farashi, su ce aikinsu da namu ɗaya ne. Irin wannan manhaja ba ta samun sabuntawa, tana iya rufewa ana tsakiyar ɗaukar murya, wani lokacin ma ta shigo wa kwamfuta da cuta. Mai waƙar da ya yi ciniki har ya samu arha shi ke kwana ciki: ya zo mana da fayil ɗin MP3 guda ɗaya, kiɗa da murya a cakuɗe, yana roƙon a ɗaga masa amshi. Kafin ka ba kowa aikinka, tambaye shi ko zai iya ba ka kowane layi daban a fayil ɗin WAV, duka su fara daga wuri guda.