Shafi Ɗaya da Rabi, Maki Biyu

Na shiga kwas ɗin diskirit, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai, a aji biyu na sashen kimiyyar kwamfuta ina ganin kaina gwani, domin tun daga sakandare lissafi bai taɓa ba ni wahala ba. Makonnin farko ma sun ƙara mini wannan girman kai. Rukunan abubuwa, jadawalin gaskiya da ƙarya, da labarin gadoji bakwai na birnin Konigsbag da masanin lissafi Euler ya warware a 1736, duk sun wuce lami lafiya.

A gwajin tsakiyar zango ne asirina ya tonu. Tambayar ita ce a tabbatar da cewa idan aka tara lambobin mara daga 1 har zuwa 2n − 1, jimillar za ta zama n². Na ɗauki 1, na ɗauki 1 da 3 na samu 4, na ƙara 5 na samu 9, na ci gaba da haka cikin natsuwa har zuwa n = 10, inda na samu 100 cif, sannan na ja layi biyu na rubuta cewa an tabbatar. Shafi ɗaya da rabi na cika, kuma na fita daga ɗakin ina tausaya wa waɗanda na bari suna cizon biro. Da takardu suka dawo, maki biyu na gani cikin goma sha biyar, da tambaya guda da jan biro: "To 11 fa?"

Na je ofishin malamin da niyyar yin gardama. Bai ce mini komai a kan takardata ba, sai ya rubuta n² − n + 41, ya ce in gwada sa 1, 2, 3 zuwa sama a madadin n. Na samu 41, 43, 47, 53, 61, kowacce lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya. Ya tambaye ni ko na gamsu cewa kullum irin wannan lambar zai riƙa bayarwa, na ce na gamsu, ranka ya daɗe. Sai ya gaya mini cewa Euler ne ya fito da wannan a 1772, kuma haka yake tafiya babu tangarɗa tun daga 1 har zuwa 40, amma a 41 sai ya ba da 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in a jere suna goyon bayan magana, kuma maganar ƙarya ce, ni kuwa da goma kacal na zo neman cikakken maki.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ƙanƙantar amsar da ake nema. Hujjar da ake nema, wadda ake kira indokshin, kamar hawan tsani take: ka nuna ka taka matakin farko, sannan ka nuna cewa duk wanda ke kan mataki na k zai iya kai wa na k + 1. A tambayata, ana ɗauka jimillar ta kai k², a ƙara lambar mara ta gaba, wato 2k + 1, a samu (k + 1)². Layi uku ke nan. An koyar da wannan a aji, amma ni na ɗauke shi a matsayin ado, tunda ina ganin amsar da idona.

Sauran zangon na yi shi ne ina biyan bashin waɗannan maki goma sha uku. Na daina haddace dabarun ƙirga, na koma rubuta kowace hujja da cikakkun jimloli, ina karanta wa wani abokina da na roƙa ya riƙa tsayar da ni da "daga ina ka samo wannan?" a duk inda na yi tsalle. Duk wanda zai ɗauki kwas ɗin, ya nemi irin wannan abokin tun makon farko, kada ya jira jan biro. A babbar jarrabawa indokshin ya sake fitowa, na amsa shi cikin rabin shafi, na kuma tsira daga maimaita kwas ɗin, ko da yake darajar da na samu ta tsaya a C, kuma na san sarai a wace takarda na bar sauran makin.