Muryar da Kawu ya je nema a Mumbai

Jinya ce ta kai mu Mumbai, ba yawon buɗe ido ba. Idon Kawu na dama ya daɗe yana ba shi wahala, aka ce sai an yi aiki, ni kuma aka ɗora mini rakiya tunda ni ne mai ɗan guntun Turanci a gida. Cikin watan Yuli muka sauka, damina ta kankama. Wanda bai ga ruwan Mumbai ba kada ya ce ya san mamako. Kwana uku sama ba ta ɗauke ba, amma mutanen garin ko a jikinsu, kowa da lemarsa yana ta sauri.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya ce mu ƙara kwana goma kafin a sake dubawa. A hanyarmu ta komawa masauki, cikin irin tasin nan tasu mai baƙi da ruwan ɗorawa, direban ya kunna wata tsohuwar waƙa. Kawu da ke kishingiɗe da baƙin tabarau sai ya miƙe zaune.

"Kai, ɗan nan, wannan ai Sarkin Ƙarfi ne!"

Dharmendra yake nufi, haka 'yan silima na zamaninsu suka laƙaba masa. Na fassara wa direban, wani dattijo mai gemu ja da lalle. Ya yi dariya, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Rafi Sahab." Wato Mohammed Rafi, mawaƙin da ya rera waƙar. Kawu ya yi shiru har muka wuce danja biyu, sannan ya ce ya daɗe da sanin ba jaruman ke rerawa ba, baki kawai suke motsawa, amma bai taɓa tambayar wane ne mai muryar ba. "Mutum ya shekara hamsin yana yi maka waƙa, ba ka san sunansa ba. Wannan ai butulci ne." Daga nan zaman jinya ya koma neman mai murya, direban nan kuwa ya zama jagoranmu.

Unguwar Bandra muka fara zuwa, inda Rafi ya zauna. Akwai mahaɗar titi da aka sa wa sunansa, motoci da 'yan adaidaita sahu na ta kaiwa da komowa. (A kudancin birnin ba a barin adaidaita, sai ka iso wajen Bandra kake fara ganinsu.) Ba nisa daga nan sitidiyon Mehboob yake, wanda darakta Mehboob Khan ya kafa a 1954. Wurin aiki ne, ba na 'yan kallo ba, don haka a bakin ƙofa muka tsaya, muna leƙen manyan itatuwa da tsofaffin gine-gine. A ɗakin ɗaukar sauti na cikin nan aka naɗi ɗimbin waƙoƙin da Kawu ya haddace ba tare da yana jin Indiyanci ba.

Yadda ake yin aikin a wancan zamani shi ya fi tsaya mini a rai. Babu kwamfuta, babu yanke nan a liƙa can. Makaɗa gomomi ne za su taru a ɗaki guda, masu gogen Turawa jere-jere, da masu gangar tabla, da masu sarewa, mawaƙi na tsaye gaban makirfo. A fara tare, a ƙare tare. Idan mai sarewa ya kuskure a baitin ƙarshe, kowa ya koma farko. Da yawa daga cikin makaɗan nan Kiristoci ne 'yan yankin Goa na Indiya, waɗanda suka koyi karanta rubutun kiɗan Turawa a coci tun zamanin mulkin Fotugal. Mai tsara kiɗa zai kawo karin waƙa a kansa, su kuma su rubuta, su raba wa kowane makaɗi nasa. Mai rubuta baitoci daban, mai kiɗa daban, mai murya daban, sai a ƙarshe jarumi ya zo ya sa fuska ya kwashe tafi.

Da farko ma ba haka abin yake ba. Lokacin da fim mai magana ya shigo Indiya a 1931, jarumi shi ke rera waƙarsa a gaban kyamara, ko yana da murya ko ba shi da ita. A 1935 aka fara naɗar waƙa daban a birnin Kalkata, sannan a ɗora. Ko bayan nan an daɗe ba a damu da sunan mawaƙi ba. Waƙar da ta fito da Lata Mangeshkar, ta fim ɗin Mahal na 1949, sunan yarinyar cikin labarin aka buga a jikin faifan garmaho, sai da masu sauraron rediyo suka dami tasha da tambaya kafin aka faɗi mai muryar. Da na gaya wa Kawu sai ya ce, "To ashe ba ni kaɗai ba ne mai laifin."

Lata ba ta yarda a ci gaba da haka ba. Ta tsaya kai da fata sai an riƙa ba mawaƙa kaso cikin cinikin faifai. Rafi kuwa ya ce tunda an biya shi ladan aikinsa, shi ke nan, ciniki ya ƙare. Kan wannan suka yi shekaru ba su haɗu a waƙa ba a shekarun 1960. Ni dai ina bayan Lata. Kawu yana bayan Rafi, wai mutum ne mai wadatar zuci. Muka yi ta musu a bayan tasi, direba na kallonmu ta madubi bai san a kan me ake yi ba. Na tuna masa cewa finafinanmu na Hausa wannan tsarin suka ɗauko, kuma waƙoƙi nawa Fati Nijar ta rera wata ta hau kai ta yi suna? Ya ce wannan kuma maganarku ce ta 'yan zamani.

Rana ta shida muka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Mumbai Central. Da hantsi muka fita, don da safe ko mai ido biyu sai ya yi da gaske kafin ya samu wurin sa ƙafa. Daura da tashar akwai silimar Maratha Mandir, inda ake nuna fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge kullum kafin azahar tun 1995, in ban da lokacin kullen korona. Kuɗin shiga rupi kaɗan ne. Rabin kujerun babu kowa, wasu ma sanyin ɗakin suka shigo sha. Likita ya hana Kawu kallon haske mai ƙarfi, saboda haka ya rufe ido ya jingina. Da waƙar farko ta taso, ni ina kallon Kajol, yarinya 'yar shekara 21, tana tsalle cikin ruwan sama. Shi kuwa ya matso kunnena ya ce, "Wannan muryar na san ta tun ina saurayi." Gaskiyarsa. Lata ce, tana da shekara 66 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma ta taɓa ara wa mahaifiyar yarinyar, Tanuja, wannan muryar. Lata ta rasu ranar 6 ga Fabrairun 2022, gwamnati ta yi mata zaman makoki na kwana biyu.

Ana jibi za mu taso Kawu ya ce sai an kai shi kabarin Rafi. Direba ya kai mu maƙabartar Musulmi ta Juhu. A hanya yake ba mu labarin ranar jana'izar: Rafi ya rasu ranar 31 ga Yulin 1980, cikin azumi, yana da shekara 55, kuma dubban mutane suka bi gawarsa ana tsuga ruwa irin wanda ya tarbe mu. Sai dai babu kabarin da za a nuna a ce ga shi. Wajen 2010 an baje tsofaffin kaburbura don a samu wurin binne wasu, nasa na ciki. Wata bishiyar kwakwa masoyansa ke kwatance da ita.

Na zaci Kawu zai ji haushi. Sai ya cire takalmi, ya ba ni lemar in riƙe masa, ya ɗaga hannu. Direban ya tsaya a gefensa, shi ma ya ɗaga nasa. Da suka shafa, Kawu ya juyo ya ce, "Ɗan nan, tambaye shi ko yana da waccan waƙar ta ranar farko. Ya sa mana ita a hanya."