Garwashin ganye a gwiwar Inna

Hunturun bana ya tayar wa Inna ciwon gwiwa, irin wanda tsofaffinmu a Sakkwato suke kira sanyin ƙashi, kuma kullum da asuba sai an dafa ruwa an gasa mata da tsumma. Ana cikin haka ƙanena da ya yi karatu a ƙasar Sin ya fito da wani abu mai kama da karan sigari amma ya fi shi kauri, ya kunna bakinsa, ya riƙe shi daura da ƙasan gwiwarta ba tare da ya taɓa fata ba. Ya ce, "Inna, da zarar kun ji zafin ya yi yawa ku faɗa mini in janye."

Abin da ke cikin karan busasshen ganye ne na wani tsiro ɗan'uwan tazargade, wanda ake shanyawa a ajiye, wani lokaci har shekara 3, sannan a daka shi ya koma kamar auduga, domin ya riƙa ci a hankali babu harshen wuta. Sinawa suna kiran wannan magani jiu, Japanawa kuma suna kiran audugar mogusa, inda Turawa suka samo kalmar moxa. Tsohon abu ne ƙwarai, domin a wani kabari da ke Mawangdui kusa da birnin Changsha, wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an tono rubuce-rubuce a kan siliki da ke bayanin hanyoyi 11 na jiki da ake gasawa. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya shi tare da maganin allura na Sinawa cikin jerin al'adun duniya da aka gada.

Abin da ya ja hankalina shi ne, tunanin da ke ƙarƙashinsa ba baƙo ba ne a wurinmu. Sinawa ma sun ɗauka sanyi yana shiga jiki ya kwanta a gaɓoɓi, zafi kuma yana korarsa, wato dai hujjar da ta sa muke gashi da wankan jego. Inda suka sha bamban da mu shi ne awo. Sun ware gurabe a jiki, kowane da sunansa, kamar Zusanli da ke ƙasan gwiwa, kuma duk da cewa akwai masu ɗora audugar kai tsaye har ta bar tabo, da yawa sukan sa yankan citta ko tafarnuwa tsakanin garwashin da fata, ko su cika cibiya da gishiri su ɗora a kai. Wannan ne ya kwantar mini da hankali, domin na san hadisin da ya ambaci waraka a zuma da ƙaho da lalas, sannan ya hana al'umma lalas, kuma ɗumama fata daban yake da ƙona ta.

Game da amfaninsa, ban yarda da masu cewa yana maganin kowace cuta ba. Ɗaya daga cikin inda aka gwada shi shi ne juya ɗan da ya zo ta ƙafa a ciki, ta hanyar gasa gefen ƙaramin yatsan ƙafar mai juna biyu. Wani bincike da aka yi a lardin Jiangxi kan mata 260, aka buga a 1998, ya nuna alamar nasara, amma wannan ba aikin da za a yi a ɗaka ba tare da ungozomar asibiti ba. Haka kuma mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba, hayaƙin kuma yana tayar da asma.

Inna ta ce gwiwar ta saki na ɗan lokaci, kamar yadda takan yi bayan gashi, sai dai warin hayaƙin ya kama mata zane da labule. Yanzu a tsakar gida ake yi mata bayan la'asar, da asuba kuwa ba ta yarda a janye mata tsummanta da ruwan zafi ba.